Sayi, Garin Fito: Tarihin Mashigin da Ya Yi Shiru

Wanda ya tashi daga Yamai da sassafe, ya haye gadar Kennedy, ya ratsa Harobanda, sa'an nan ya miƙi hanyar kudu, tun kafin hantsi ya dubi ludayi zai iske kansa a Sayi, garin da Faransawa ke rubutawa Say. Tsakanin wuraren biyu tafiyar kilomita 55 ce ko kusa da haka. Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne natsuwar garin. A bakin gulbi akwai ƴan kwale-kwale a ɗaure, da mata masu wanki, da shanun Fulani da aka koro mashaya, ga kuma fadamun shinkafa sun shimfiɗu kore shar. Idan wani ya tsaya a ɗaya gaɓar ya ɗaga murya, sai mai jirgi ya ɗauki gorarsa ya tafi ya ɗauko shi ba tare da gaggawa ba. Baƙon da bai san tarihi ba zai ɗauka garin haka ya tashi tun fil azal. Alhali kuwa akwai zamanin da sunan Sayi ke rubuce a taswirorin Landan da Paris, tun Yamai tana ƴar rugar masunta da manoma wadda ba wanda ya san da ita a nesa.

Tsakanin Hausa da Gurma

Domin a fahimci Sayi, wajibi ne a fara fahimtar kogin. A bakin Zabarmawa da Sanwayawa, gaɓar hagu ta kogin Isa, wato ta gabas, sunanta Hausa, ta dama kuma sunanta Gurma. Shi ya sa ake samun garuruwa irin su Sansane Hausa a wuraren da ba Hausawa ne suka kafa su ba. Sayi yana gaɓar Gurma. Saboda haka duk wanda ya fito daga Kano ko Katsina ko Gwandu yana nufin ƙasar Gurmawa, ko Mosi, ko Liptako, a nan yake barin gaɓar Hausa a bayansa.

Ba kowane wuri ne ke zama mashigi ba. Ana bukatar inda ruwa ya haɗu wuri ɗaya bai rarrabu cikin tsibirai ba, inda gaɓa ke da ƙarfin da dabba mai kaya za ta sauka ba ta kafe ba, sa'an nan kuma, wanda ya fi duka wuyar samu, ana bukatar mai iko da zai lamunce wa baƙo ransa da dukiyarsa. Ayarin fatake mai ɗaruruwan jakuna ba ya ƙetare gulbi cikin yini ɗaya. Madugu zai sauka a zango, ya aika da gaisuwa ga mai gari, a yi cinikin kuɗin fito da wuri, sa'an nan a shiga jigilar kaya jirgi bayan jirgi, dawaki na iyo a gefen kwale-kwale ana riƙe da linzaminsu. Cikin kwanakin jiran nan mutane na bukatar abinci da ciyawar dabbobi da masauki, suna bukatar dillali da fatoma, da malamin da zai yi musu addu'ar hanya. Ta haka mashigi ke haifar da kasuwa, kasuwa kuma ta haifi gari.

Kayan da suka riƙa bi ta nan sanannu ne: tufafin Kano da baƙin rini, da fatu, da kanwa, da gishirin Dallol Foga, da dawaki. Daga kudu maso yamma kuwa goron Gwanja ne ke zuwa, ta hanyar Sansanne Mango da Fadan Gurma, garin da sunansa kansa shaida ne na yawan zirga-zirgar Hausawa a can. Cikin kayan da ake hayarwa har da ƴan Adam, domin cinikin bayi wani babban ɓangare ne na kasuwancin wancan zamani, kuma tarihin da ya ɓoye wannan bai cika tarihi ba. Sayi ba shi kaɗai ne mashigi ba, akwai Gaya da Ilo da Yawuri a ƙasa da shi, kuma madugai na zaɓen hanya gwargwadon inda lafiya take a shekarar.

Shi kuma kogin a wannan yanki yana da cika iri biyu. Ta farko ita ce ta damina, wajen watannin Agusta da Satumba, lokacin da ƙoramun Gurma irin su Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararo jan ruwa. Ta biyu tana isowa ne da hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ne ya yi watanni yana ratsa fadamun Masina kafin ya iso. Wannan ne ya sa ake ganin gulbi maƙil da ruwa a tsakiyar sanyi, alhali ko ɗigo bai sauko daga sama ba. Masu fito sun san waɗannan lokuta kamar yadda manomi ya san taurarin shuka.

Malamin da ya raya garin

Ɗaukakar Sayi ta faro ne daga wani malami Bafulatani mai suna Alfa Mahaman Jobbo. Riwayoyin garin sun ce asalinsa daga Masina yake, ya biyo kogi yana karantarwa, ya yi zango a wurare da dama, ciki har da tsibirin Neni da ke kusa da Yamai, kafin ya sauka a Sayi wajen shekara ta 1825. Zamani ne na girgizar ƙasashe. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ya fara a 1804 ya riga ya sauya fuskar ƙasar Hausa, yammacin daular kuma yana hannun Gwandu, gidan Malam Abdullahi ƙanen Shehu. Sayi ya zama wakilin Gwandu a bakin kogi, idonta a kan ƙananan masarautun Fulani na gaɓar Gurma irin su Torodi da Bitinkoji.

Abin da ya bambanta Alfa Jobbo da yawancin shugabannin zamaninsa shi ne yadda ake tunawa da shi. Masu ba da tarihi ba sa lissafa masa garuruwan da ya ci da yaƙi, suna ambatonsa ne da karantarwa da sulhu da karɓar wanda ya gudo neman mafaka. Fulani da Zabarmawa da Kurtawa da Gurmawa da fataken Hausa suka taru a inuwarsa. Ga mashigi kuwa babu jarin da ya kai wannan, domin ɗan kasuwa ya fi son ya biya fito a garin malami da ya kwana a garin mayaƙi kyauta. Alfa ya rasu a 1834, ɗansa Abubakar ya gaje shi, kuma tun daga nan ake kiran sarakunan garin Alfaize, wato ɗan Alfa da Zabarmanci. Kabarinsa na nan a garin, ana ziyartarsa.

Abdulkarimu a bakin ruwa

Bayani mafi faɗi da aka rubuta game da Sayi na wancan ƙarni ya fito ne daga alƙalamin Heinrich Barth, Bajamushen da gwamnatin Ingila ta aiko, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarimu. Ya bar Damagaram a farkon shekara ta 1853, ya bi ta Katsina da Wurno da Sakkwato da Gwandu, ya ratsa kwarin gishiri na Foga, ya iso gaɓar da ke fuskantar Sayi ranar 20 ga watan Yuni. Cikin ayarinsa akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, haifaffen ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta yana ƙarami aka kuma ƴanta shi a Kukawa. Wannan yaro daga baya ya je har Ingila, labarinsa da ya bayar da bakinsa ya shiga littafin Magana Hausa da aka buga a 1885. Ke nan ɗaya daga cikin tsofaffin marubutan zube na Hausa, ko da yake da baki ya yi nasa rubutun, ya haye ta wannan mashigi.

Barth ya ƙiyasta faɗin kogin a wurin da kimanin mita 640. Ya kwatanta jiragen fiton da aka aiko masa: tsawon kowanne ya kai mita 12, an sassaƙa shi ne daga gungume biyu da aka ɗinke a tsakiya, babbansu kuma na iya ɗaukar raƙuma uku. Ya rubuta cewa ma'anar sunan garin a harshen mutanen wurin ita ce kogi. Ya tarar da ganuwa mai faɗi amma gidaje a warwatse a cikinta, ga wani kwari mai itatuwan goriba a bayan gari wanda ke cika idan gulbi ya kawo, har garin ya koma kamar tsibiri. Zafin wurin ya dame shi ƙwarai, kasuwar ma ba ta burge shi ba, domin hatsi ya yi tsada.

Tsadar nan tana da dalili. Tun 1849 Kabawa suka yi wa Gwandu tawaye a ƙarƙashin Yakubu Nabame, Arawa da Dandawa da Zabarmawa suka mara musu baya. Hanyar da ta haɗa Gwandu da Sayi ta zama abin tsoro, ayari ya ragu, fito ya ja baya. Yaƙin ya ci gaba har zuwa sulhun da ake kira Lafiyar Toga cikin shekarun 1860, bai kuma mutu ƙurmus ba ko bayan nan. A nan ake ganin raunin garin mashigi: arzikinsa ba a hannunsa yake ba, yana hannun zaman lafiyar hanyoyin da ke kawo masa mutane. Sarki Abubakar ya karɓi baƙon da fara'a, har ya nuna masa fatan wata rana jirgin Turawa ya hauro kogin ya cika masa gari da kaya. Barth ya wuce Tumbutu, ya sake biyowa ta Sayi a ƙarshen Yulin 1854 a hanyarsa ta komawa.

Layin da aka ja daga Sayi

Littattafan Barth ne suka sa sunan garin ya zauna a kunnen Turawa, abin da ya biyo baya kuwa ya shafi kowane mai karatu a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka rattaba hannu kan wata yarjejeniya wadda ta ja layi daga Sayi a bakin kogin Isa zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi. Arewacin layin na Faransa, kudancinsa na Ingila, da sharaɗin cewa duk abin da ke ƙarƙashin daular Sakkwato zai faɗa ɓangaren Ingila. Waɗanda suka ja layin ba su taɓa taka ƙasar ba. Firaministan Ingila na lokacin, Salisbury, har ba'a ya yi cewa rairayi ya bar wa Faransawa.

Faransa ta tura wani hafsa mai suna Monteil ya bi layin da ƙafarsa. Ya iso Sayi a watan Agustan 1891, ya wuce Sakkwato da Kano da Kukawa, ya ɓulla Tarabulus a ƙarshen 1892. Daga irin rahotanninsa Faransawa suka sami hujjar cewa akwai ƙasashen Hausa da dama da ba sa bin Sakkwato, irin su Kabi da Gobir ta Tsibiri da Katsinar Maraɗi, balle Damagaram. Aka sake zama a 1898, aka zana wani baka mai nisan kilomita 160 kewaye da Sakkwato aka bar wa Ingila. Wannan ya tilasta wa ayarin Faransawa zagayawa ta arewa, ta hanyar da rijiyoyinta ke nesa da juna. Sai a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 aka turo iyakar kudu, Faransa ta sami hanya mai ruwa ta Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Maraɗi da Tasawa har Damagaram. Iyakar da ta raba dangi tsakanin Maraɗi da Katsina, ko tsakanin Ƙonni da Illela, jikanyar layin nan ce da aka fara ja daga wannan gari mai shiru.

Su kansu mutanen Sayi sun ga baƙi iri-iri cikin waɗannan shekaru. A 1896 wani hafsan jiragen ruwa mai suna Hourst ya gangaro kogin daga ƙasar Mali ta yau, ya yi watanni a wani tsibiri kusa da garin inda ya gina ƴar ganuwa. Burin Sarki Abubakar ya cika bayan ransa, amma jirgin da ya zo bindigogi ya ɗauko. A daidai lokacin ne Ahmadu Shehu, ɗan Alhaji Umaru Futi, wanda Faransawa suka kora daga Segu da Bandiagara, yake zaune a yankin tare da jama'arsa kafin ya ƙarasa ƙasar Sakkwato inda ya rasu. A 1897 Faransawa suka kafa bariki a Sayi. A ƙarshen 1898 kuma rundunar Chanoine ta biyo ta nan kafin ta haɗu da ta Voulet a Sansane Hausa a farkon 1899, su nufi gabas su yi ta'asar da har yau ba a manta ba a Lugu da Birnin Ƙonni.

Yadda mashigi ya rasa masu hayewa

Mulkin mallaka bai rushe Sayi da wuta ba, hanya ya ɗauke masa. Da farko an yi ta jefa shi daga wannan hannu zuwa wancan: yana cikin Dahome har 1907, aka mayar da shi cikin yankin da ake mulka daga Bamako, a 1919 aka sa shi cikin sabuwar Haute-Volta, sai da dokar 28 ga Disamba 1926 ta haɗa shi da Nijar. A wannan shekarar ce kuma aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka mayar Yamai. Hanyoyin mota suka nufi sabon birnin, babban jirgin fito na ƙarfe ma a can aka ajiye shi. Goro ya sauya hanya, ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko da jirgin ƙasa zuwa Kano, wanda ya isa can tun 1911. Madugai suka rataye sandunansu.

Sa'an nan gadoji suka zo. An gina ta Gaya zuwa Malanville a 1958, ta Kennedy kuma aka buɗe ta a Yamai a 1970. Daga ranar nan, mai zuwa Wagadugu ba shi da dalilin tsayawa jiran jirgi a ko'ina. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da ya rage wa Sayi shi ne gadon Alfa, kuma shi ya riƙe garin. A nan aka buɗe madarasar farko ta gwamnati mai haɗa Larabci da Faransanci a 1957. Da shugabannin ƙasashen Musulmi suka yanke shawara a taron Lahore na 1974 cewa a kafa jami'ar Musulunci domin ƙasashen Afirka ta Yamma, Sayi aka zaɓa, ta kuma fara karɓar ɗalibai a 1986. Daga wannan yanki ne kuma, a garin Tamu, aka haifi Diouldé Laya a 1937, masanin da ya ƙare rayuwarsa wajen tattara tarihin baka na Afirka har ya rasu a 2014.

Kogin ma ya ga nasa sauyin. A watan Yunin 1985, bayan fari mai tsanani, ya daina gudana a Yamai, abin da tsofaffi ba su taɓa gani ba. A 2020 kuma ya yi cikar da ta karya madatsai ta cinye unguwanni da gonakin shinkafa. Yashi da ƙoramu ke kwasowa daga filayen da aka sare itatuwansu yana cike masa ciki shekara bayan shekara, masunta na kukan ƙarancin kifi.

Dajin da kogi ya rubuta sunansa

Daga Sayi hanya na ci gaba kudu, ta haye ƙoramun Gorubi da Jamangu, ta ratsa Tamu, ta tsaya a Tapowa, ƙofar Gandun Dajin W, kimanin kilomita 150 daga Yamai. Sunan ya samo asali ne daga kogin kansa: a wannan wuri ya ci karo da duwatsu, ya lanƙwasa sau da dama har ya zana siffar harafin W. Ɓangaren Nijar na dajin ya kai murabba'in kilomita 2,200, tsakanin ƙoramar Tapowa a arewa da Mekuru a kudu, sauran kuma yana cikin Benin da Burkina Faso. An ayyana shi gandun ƙasa a 1954, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, aka faɗaɗa wannan matsayi a 2017 ya haɗa da dazuzzukan Arli da Panjari.

Ga mutumin da ya tashi a Adar ko Damargu, shiga wannan daji kamar shiga tatsuniya ce. Namun dajin da ya saba ji a bakin kakarsa suna nan da ransu: giwa da ɓauna da zaki, gwanki da kanki da mariya da gwambaza, mugun dawa da gwaggon biri. Cikin ruwa akwai dorina da kada, har da ayu, wanda masunta ke ba da labarai masu yawa a kansa. Tsuntsayen da aka ƙidaya sun haura iri 350. A shekarun da ake zuwa yawon buɗe ido, an fi ganin dabbobi daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, ƙananan tafkuna suka ƙafe, kowace dabba ta nufi ƴan wuraren da ruwa ya rage. A kwazazzabon Tapowa ruwa ya yanka dutse ya bar gaɓa mai tsayi, giwaye kan sauko sha da yamma. A gefen Mekuru kuwa itatuwan kanya da tsamiya da giginya sun yi rumfa.

A ɗaya gaɓar kogin, wajen Kure, akwai wani abin al'ajabi na daban, wato garken raƙuman dawa na ƙarshe da ya rage a duk Afirka ta Yamma. A 1996 adadinsu bai wuce 50 ba. Da aka hana farautarsu, manoman yankin kuma suka yarda su zauna tare da su, sai suka haura 600. A 2018 aka ɗauki takwas daga cikinsu aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi, inda irinsu ya ɓace tun shekaru da dama.

Daji na wa?

Kuskure ne a ɗauka cewa Dajin W wuri ne da ɗan Adam bai taɓa zama ba. Masu binciken ƙasa sun tono makaman dutse a kwarin Mekuru waɗanda suke cikin mafi tsufan shaidun zaman mutum a Nijar. Akwai kufan maƙera da tarin kashin tama, akwai kuma gungun kukoki, wanda duk Bahaushe ya san alamar tsohon gari ce. Yaƙe-yaƙe da farmakin masu kamun bayi na ƙarni na 19 ne suka watsa jama'a, ƙudan tsando mai kawo ciwon barci da sammore, da ɗan baƙin ƙudan da ke makantar da mazauna bakin ƙorama, suka hana su dawowa. Da Faransawa suka keɓe dajin, ƴan ƙauyukan da suka rage a ciki tashinsu aka yi.

Bayan farin 1973 da 1974 al'amarin ya juya. Yaƙin da aka fara da cutar makanta a 1974 ya sa ƙasar ta zaunu, ga kuma dubban mutane daga arewa da yunwa ta koro. A 1976 gwamnatin Seyni Kountché ta yanke kusan rabin keɓaɓɓen dajin Tamu, wanda aka kafa a 1962 domin ya zama garkuwa ga W, ta buɗe shi ga manoma. Sunan da yankin ya samu Hausa ce tsantsa: A-yi-noma. Makiyaya kuwa, da gonaki suka cinye burtali da makiyaya, sai suka riƙa kutsawa cikin gandun da shanunsu a hanyarsu ta zuwa Benin, rikici tsakaninsu da ma'aikatan gandun daji ya zama ruwan dare. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Mai tsaron daji ya san in aka bari, cikin shekaru kaɗan ba za a sami giwa ko ɗaya ba. Makiyayi kuma yana ganin ciyawa a tsaye a gabansa, saniyarsa na mutuwa a bayansa. A ƙauyukan gefen daji irin su Moli Hausa an gwada hanyoyin da mazauna za su ci moriyar gandun, kamar kiwon zuma da rakiyar baƙi, amma abin da ke shigowa bai taɓa kai yawan masu bukata ba.

Cikin wannan tsaga ne masu ɗauke da makamai suka shigo. A ƙarshen 2018 aka sa yankin Sayi cikin dokar ta-ɓaci. Dajin da ya ɓoye giwa ya zama maɓoyar mayaƙa masu ratsa iyakokin ƙasashe uku. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, direba da mai rakiya. Baƙi suka ɗauke ƙafa, masaukin Tapowa ya zama kango, ƙauyuka da dama na ƙasar Tamu da Torodi suka watse, mutanensu suka nemi mafaka a manyan garuruwa, ciki har da Sayi.

Haka tarihi ya dawo da garin inda Barth ya same shi a 1853: gari mai lafiya a cikinsa, hanyoyin da ke kewaye da shi kuwa suna cikin tsoro. Ya kuma dawo da shi ga aikin da Alfa Jobbo ya fara, na karɓar wanda ya gudo. Ɗaliban tarihi a Maraɗi da Damagaram da Tawa suna haddace layin Sayi zuwa Barwa domin jarrabawa, kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa tsayawa a inda layin ya faro. Ranar da hanyar Tapowa ta sake buɗewa, ya kamata makarantu su zama na farkon hawa ta, domin gani ya kori ji. Kafin wannan rana, masu jirgi na nan a bakin gulbi da gorarsu, suna hayar da manomi da buhunsa, da ɗalibi da allonsa, daga Gurma zuwa Hausa, daga Hausa zuwa Gurma, a kan ƴan kuɗin fito kamar yadda kakanninsu suka yi.